Ɗalibin Jeka-ka-dawo

Mu 'yan Tofa ba mu taɓa ɗaukar Jami'ar Bayero wani wuri mai nisa ba. Sabon matsuguninta na kan titin Gwarzo maƙwabcinmu ne, har mutanen Langel kan hango gine-ginenta suna duƙe a gona. Tun muna yara muke wucewa ta bakin ƙofarta a bayan a-kori-kura, zaune kan buhunan gyaɗa, muna leƙen masu rataye da jaka. Wannan kusancin ne ya sa da na sami gurbin karatu a zangon 2010/2011 ba wanda ya ta da maganar kama mini ɗaki. Baba ya ce wanda zai iya yin asuba a masallacin unguwa kuma ya riski laccar ƙarfe takwas ba shi da hujjar kwana a waje. Magana ta ƙare.

Haka na zama ɗan jeka-ka-dawo. Abokanmu da suka zo daga Jigawa ko Kogi, da zarar sun shiga hostal sun yi sallama da aiken gida sai hutu. Ni kuwa kullum yamma ina gida, don haka kullum da ni ake lissafi. In tunkiya ta ƙi cin dusa, ɗan jami'a zai duba. In maƙwabta sun dawo da takardar asibiti, a jira ɗan jami'a ya karanta. In an yi rasuwa a Lambu ko Doka, to ai yana gari, me zai hana shi zuwa gaisuwa? A unguwarmu "gobe ina da tes" bai taɓa zama uzuri ba.

Damuwar farko ta kowace safiya kuɗin mota ce. Nakan hau keke zuwa bakin titi, in jingine shi wajen wani mai faci, in tsaya ina ɗaga wa bas hannu da canjina a dunƙule. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi ta zanga-zanga har ta dawo 97. Kuɗin mota ya hau tare da litar, amma da ta sauko shi bai biyo ta ba. Ba mu gama wannan jimami ba sai ga harin 20 ga Janairu a cikin birni, sai dokar hana fita, sai shingayen bincike inda mai babur zai sauka ya tura abinsa har ya wuce. Ƙarshen Afrilu kuma aka kai hari kan Kiristoci masu ibada a tsohon matsugunin jami'ar, aka rasa malamai da ɗalibai. Daga ranar Inna ta daina shiga ɗaki bayan magariba sai ta ji ƙarar kekena a zaure. Ba ta taɓa cewa in bari ba. Sai dai duk safiya ta tsayar da ni a bakin madafa ta yi ta jero addu'a, kokona yana hucewa, ina amin ina satar kallon agogo. Shekara na zagayowa aka hana acaɓa a birni, muka koma cusa kai cikin A Daidaita Sahu.

Duk da haka, abin da ya fi hana ni barci a shekarar farko Turanci ne. A sakandaren da na yi, malami yakan karanta jimla ya fassara mana, mu haddace, mu juye a takarda. A jami'a babu mai fassara. Malami zai yi awa biyu yana zuba, ina kan rubuta kalmar farko shi ya kai ta goma. Ga 'yan makarantun kuɗi na Nasarawa da Bompai suna ɗaga hannu suna ja-in-ja da shi, har da raha. Ni ko tambaya ce ta zo mini sai in tsara ta a zuci, in gyara, in sake gyarawa, kafin in buɗe baki an wuce wurin.

Gindin wata darbejiya ne ya cece ni. A nan muke haɗuwa bayan azahar, mu 'yan ƙauye da muka gane juna ta takalma tun makon farko: ɗaya daga Rimin Gado, ɗaya daga Bagwai, wani dogo daga wajen Kabo da ya fi mu duka kai. Mu haɗa kuɗi mu yi hoton handawut guda, mu haɗa mu sayi garau-garau kwano biyu, sannan dogon ya miƙe ya mayar mana da laccar safe cikin Hausa, da misalan kasuwa da na gona, wani lokaci har da kwaikwayon tafiyar malamin. Sai karatu ya bi ta nan yake zama, ranar jarrabawa kuma mu sake juya shi zuwa Turanci. Da dare in na koma gida, sai fitila 'yar Caina mai batir uku da sauro. Har yau in na ji ƙamshin mai da yaji a kan shinkafa da wake, muryar dogon nan nake ji yana cewa, "Ku tsaya, abin fa ba wuya, Bature ne ya ƙawata shi."

Sai ranar da aka ce an liƙa sakamako. Ba suna a allon, lamba ce kawai, amma kowa ya san lambar kowa. Za ka kutsa cikin zufar mutane, ka ɗora yatsa a layinka ka bi shi a hankali zuwa dama, kana roƙon Allah kada ka ci karo da kari-oba. Wasu lambobi uku mun haddace su fiye da lambar wayarmu: 4.50, 3.50 da 2.40, wato iyakokin daraja ta ɗaya, ta biyu babba da ta biyu ƙarama. Ta farko mun bar wa masu ita. Ta tsakiyar ce ta hana mu sakat, musamman daga 2012 da gwamnatin Kwankwaso ta fara tura ɗalibai 501 ƙasashen waje yin digiri na biyu, aka ce sai mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba. Bayan kowane littafina akwai lissafi da fensir: in na ci A a wannan, B a wancan, C ɗaya kacal, zan haye. Ban taɓa lissafa wa kaina D ba, ita kuwa ba ta fasa zuwa ba.

Lauya na nema, makina bai kai ba, aka ba ni Labarin Ƙasa. Wani kawuna, wanda ya yi masinja a birni har ya yi ritaya, ya saurari bayanina tsaf, sannan ya ce, "To madalla. In an gama, wane ofis ake ba ku?" Na yi ta kame-kame. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa albarka, irin addu'ar da ake yi wa wanda ya riga ya sayi kaya da tsada.

A aji biyu ne wani malami ya kawo mana sunan Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 1962, daga baya ya zama farfesan Labarin Ƙasa a Bayero daga 1979 zuwa 1986. A 1965 shi da abokin aikinsa Wilson suka fitar da rahoto kan ƙauyukan gundumar Ungogo, maƙwabtanmu. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa har ba a barin gona ta huta ko damina guda, take ci gaba da ciyar da mutanenta shekara da shekaru. Malamin ya zana amsar a allo da kibiyoyi. Awaki da tumaki na turke da damina, takinsu na taruwa. Da rani a kwashe shi a mangala zuwa gona, jakuna kuma su kai itace birni su dawo da toka da shara. Gero da dawa da gyaɗa da wake a gona ɗaya, kowanne da lokacinsa. Harawa da kara su koma bakin dabba, abin da dabba ta fitar ya koma ƙasa. Ɗorawa da kuka da gawo kowacce da mai ita, ba mai sare ta da ka. Da rani kuma maza su bazu neman kuɗi, wasu saƙa, wasu fatauci, wasu cin rani. Mortimore ya yi ta jayayya da masu cewa yawan jama'a dole ya kashe ƙasa. Ya ce a nan yawan hannun ne ma ke riƙe da ita.

Ina cikin kwafar kibiyoyin sai na ga ai gidanmu ake karantawa. Jakin da nake jin kunyar wani ɗan ajinmu ya gan ni a bayansa ranar Asabar ina kai taki, ga shi a handawut, har ana cewa zai fito a jarrabawa. Da dare na kwashe labari na faɗa wa Baba. Ya gama alwalarsa, ya yarfe hannu, ya ce, "To shi Baturen nawa aka biya shi ya gano taki na gyara gona?" Wannan kwas ɗin na ci A ba tare da na yi haddar layi ko ɗaya ba.

Amma akwai lissafin da kibiyoyin allo ba su warware mini ba, shi ne na gado. Gonar da kakanmu ya noma a gandu guda 'ya'yansa suka raba. Rabon Baba guntaye ne a wurare uku, mu kuma maza shida ne a gidan, ban da mata, su ma da haƙƙinsu. Ta gabas kuma birni na tahowa: daga Rijiyar Zaki gini ya yi ta cin gonaki, dillalai na yawo da igiyar awo, gonar da ka sani da dawa bara bana ka tarar an kafa mata turaku an yanka fulotai. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini, amma na san dalilin da ya sa ake sayar da rago duk shekara a biya mini rijista: ana so a sami mutum guda da zai cire bakinsa daga wannan rabo, in so samu ne ma ya ja na bayansa. Shi ya sa yatsana ke rawa a gaban allo. In na faɗi, ba ni kaɗai na faɗi ba.

Abin da ke sauke mini wannan nauyi tattabaru ne. Tun ina firamare nake kiwonsu, daga mace da namiji da wani yayan Inna ya ba ni. Tsofaffin tukwane da tulunan da bakinsu ya fashe na jera a kan katanga, ƙarƙashin inuwar rufi, kowane aure da ɗakinsa. Tattabara ƙwai biyu take yi, ba ƙari. Namiji ya kwanta a kai da rana, macen ta karɓe shi da yamma har gari ya waye, wajen kwana goma sha takwas su ƙyanƙyashe wasu 'yan halittu jajaye marasa kyan gani, iyayen su riƙa ɗura musu abinci baki da baki. Cikin wata guda sun zama 'yan shila. Nakan jefa musu 'yar kanwa a ruwa, in zuba tsakuwa a kasko, in yi ta gadin muzuru da shaho. Akwai wani baƙin namiji mafaɗaci da na sa wa Drogba, bayan ƙwallon da ya ci Bayern Munich da ka a watan Mayun 2012, daren da muka kusa rushe rumfar gidan kallo. Wani fari mai saurin tashi kuma Gambo, don Gambo Mohammed na Kano Pillars, a shekarun nan da Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 zuwa 2014.

In na dawo da la'asar sakaliya na watsa dawa na yi fito, sai ka ji fuka-fukai ta ko'ina, wasu su sauka a kafaɗata. Mintocin nan ba na tuna allo. Da sun ƙoshi kuwa sai zuciya ta fara: wannan lokacin da ka ɓata da shafi biyu ka karanta. Baba ma ra'ayinsa ke nan. Wasan yara yake kiran abin, kuma yana lura da yadda dawar rumbu ke raguwa. Inna ce ke tare mini, takan ce tattabara ba ta zama gidan da ake faɗa, a bar su su zame mana shaida. A makaranta ko da wasa ban taɓa ambatarsu ba. Can ana zancen 2go da Facebook da wanda ya sayi BlackBerry. Da aka koya mana rubuta takardar neman aiki aka zo gurbin abin sha'awa, duk ajin muka rubuta karatu da tafiye-tafiye, har da ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Alhali kuwa rabin handawut ɗina 'yan shila ne suka saya, don masu jinya da masu jego ba sa rabuwa da neman su.

Ranar 1 ga Yulin 2013 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki kan yarjejeniyar da ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 2009, ba a janye ba sai 17 ga Disamba. Duk wanda ya san kalandar manomi ya san abin da wannan ke nufi: damina sukutum da kaka. A gidanmu mutum ɗaya ne bai ɓoye murnarsa ba. "Malaman nan suna da gaskiya," in ji Baba, yana miƙo mini fartanya, "kada su yarda a yaudare su." Azumi ya kama a mako na biyu na yajin, muka yi maimai da ƙishirwa. Na yi cirar gyaɗa, na yi roron wake, na ɗaura damin gero har tafin hannuna ya manta biro. Da dare mu kewaye rediyo, kullum labari ɗaya: an zauna, an tashi baram-baram. Ni ma a ganina malaman suna da hujja, amma mu abin da muke ƙirgawa shekarun haihuwa ne. Tallan aikin banki na cewa kada ka wuce shekara kaza, bautar ƙasa kuma ba ta ɗaukar wanda ya haura talatin, ga da yawanmu 'yan ƙauye dama a makare muka shiga.

A kakar nan ne wani abokina da muka gama sakandare tare ya yi aure. Shi tun a lokacin ya nufi kasuwar Dawanau, ya fara da ɗinkin buhu, ya koma awo, ya zama dillalin riɗi da zoɓo. Ya zo ɗaurin aure a sabon babur, ni babban abokin ango cikin rigar aro. Da muka keɓe ya dafa ni ya ce, "Malam, in kun gama zanen taswirar ka zo, akwai wuri a rumfa." Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Yarinyar da nake zuwa wurinta zance ma a wannan shekarar aka ba da ita. Mahaifinta ya aiko a tambaye ni yaushe zan gama, na ce sai yadda ASUU ta yi, ya ce shi bai san wannan mutumin ba.

Muna komawa aji sai ga abin da ya faru ranar 15 ga Maris 2014, lokacin ɗaukar ma'aikatan hukumar shige da fice. Mutum sama da rabin miliyan suka biya naira dubu-dubu suna neman gurbin da bai kai dubu biyar ba, aka tara su a filayen wasa, aka yi turmutsutsu, mutane suka mutu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. A gindin darbejiya ranar ba a yi karatu ba. Da can in ana zancen gaba, kowa NNPC yake ambata ko Babban Banki ko kwastan, koyarwa kuwa abin da za a riƙe ne "kafin a sami aiki". Ranar dogon Kabo ya ce shi dai ko firamare aka ba shi ya gode. Kawuna da na kai masa labari cewa ya yi, "Takarda rabi ce, ɗana. Wa ka sani?" Na duba duk danginmu, babban wanda muka sani shi ne shi.

Abin mamaki, waɗannan shekarun nake kewa. Ina ga don damuwar lokacin tana da ranar ƙarewa, an rubuta ta a jadawalin jarrabawa, kuma ba ni kaɗai nake ɗauke da ita ba. Mu huɗu ne a kan kwano biyu. Furojet ɗina na aji huɗu a kan takin gargajiya na yi shi, a unguwarmu. Baba ne mutum na farko da na yi wa tambayoyi, ya zauna a kan buzu yana ba da amsa da ƙasaita, yana gyara mini tambayar in bai ga ta yi ma'ana ba. Na fita da daraja ta biyu ƙarama, tazara kaɗan tsakanina da 3.50, jirgin ƙasar waje ya tashi ba ni. Na yi bautar ƙasa a kudu ana ba mu 19,800 a wata, na dawo na kama koyarwa kafin a sami aiki, ga ni a ciki har yau, kuma ban ƙi ta ba. Da yamma akan kira ni awon gona in za a raba gado, in zagaya iyaka da waya a hannu tana ƙirga mini faɗi, magada na biye da ni kowa na kallon ƙafata kada ta karkace. Rabon da nake karanta musu kullum ƙara ƙanƙancewa yake. Lokacin da na ji rasuwar Mortimore a 2017 na so a ce na taɓa ganinsa, in tambaye shi inda yake ganin lissafin zai tsaya.

Yanzu autanmu ne a jami'a. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motarsa na mako ya fi abin da nake kashewa a wata a zamaninmu, kuma zancensa bashin karatu na NELFUND ne da yadda zai sami kwamfuta. Shi ya gaji tukwanen, amma ya kawo wasu tattabaru 'yan waje masu gashi har ƙafa da wutsiya a baje, yana ɗaukar su bidiyo yana sawa a Facebook, masu saye na tasowa tun daga cikin birni a mota. Rijistarsa ta bara ba a sayar da rago ba. Kwanan baya na shiga gida da hantsi, yaron yana makaranta, na tarar da Baba a tsakar gida da kwanon awo cike da dawa, yana watsawa yana faɗa da wani ƙaton namiji da ya hana sauran ci. Na ce, "Baba, wasan yara?" Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Kauce, kana tsorata mana jari."